Sharhi: kwana 28 a cibiyar yaye masu shaye-shaye, da abin da ya biyo bayan sallama

Shirin da muke sharhi a kai irin wanda cibiyoyi da yawa ke yi ne: a kwantar da mutum kwana 28, a yaye jikinsa daga giya ko ƙwaya, a sallame shi, ya riƙa zuwa ganin likita daga gida. Mun bi shi tun daga neman gado har wata uku bayan sallama, mun ba shi tauraro uku cikin biyar. Makon farko aikin ƙwararru ne, ba abin kushewa. Gyaran yana ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma ta fitar ce mai iya cin rai.

Daga kiran farko zuwa samun gado an ci kusan mako uku. Duk wanda ya san halin mai shaye-shaye ya san niyyar dainawa ba ta jiran mako uku. Yau ya amince, jibi ya ce ai lafiyarsa ƙalau. A tsawon jiran nan ba a haɗa mutum da likita ba, ba a kira a ji halin da yake ciki ba. Ƙarancin gurbi ba matsalar wannan wuri ba ce ita kaɗai: rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka na 2024 ya ce cikin mutum 11 masu larurar shan ƙwaya, ɗaya ne kawai ke samun magani, a mata kuwa ɗaya cikin 18. Abu guda da suka yi daidai a waya shi ne gargaɗin kada mai shan giya kullum ya yanke ta farat ɗaya a gida kafin ranar zuwa. Dangi kan ɗauka taimako ne a kulle shi a ɗaki, alhali nan ne haɗarin yake.

Karɓar mara lafiya ta ɗauki kimanin awa biyu, kuma ta cancanci lokacin. An yi tambayoyi goma na AUDIT, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya mai maki 0 zuwa 40, wanda 8 zuwa sama ke nuna shan ya shiga haɗari. An gwada fitsari, aikin hanta da ƙoda, ciwon hanta nau'in B da C, da HIV. Mata ana ƙara musu gwajin ciki. Tambaya uku ce ginshiƙi: me ake sha, nawa a rana, yaushe aka sha na ƙarshe. A nan kunya ke yin ɓarna. Wanda ya rage adadin da rabi don kada a ga bekensa, da wannan rabin za a auna maganinsa, kuma jikinsa zai tona asirin a dare na biyu.

Yaye mai giya shi ne inda suka fi burge mu. Alamomi kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe: karkarwar hannu, zufa, tashin zuciya, bugun zuciya da sauri. Jijjiga irin ta farfaɗiya ta fi zuwa cikin kwana biyun farko. Mafi muni ita ce ɗimuwar da kan taso tsakanin awa 48 da 96, mutum ya ruɗe, ya ga abin da babu, zazzaɓi ya rufe shi, jini ya hau. Wannan tana kisa idan ba a kula ba. Ma'aikatan jinya suna auna tsananin alamomin da ma'aunin CIWA-Ar, mai abubuwa goma da makin ƙoli 67, kuma gwargwadon makin ake ba da diyazefam, ba wai a bi agogo ido rufe ba. Mai raunin hanta lorazefam suke ba shi, don hanta ba ta wahala da shi sosai. Sun kuma yi allurar bitamin B1 kafin ƙarin ruwa mai sukari. Ƙaramin abu ne a ido, amma jikin mashayi ya riga ya ƙare da wannan bitamin, sukari kuma yana cinye ɗan abin da ya rage, ƙwaƙwalwa ta taɓu taɓuwar da wani lokaci ba ta gyaruwa.

Masu tiramadol, kodin ko hirowin nasu daban ne. Ciwon yayensu yana da azaba, hamma, hawaye, majina, ciwon ƙashi, amai da gudawa na kwana 4 zuwa 10, sai dai ba kasafai yake kisa ba muddin ana mayar da ruwan jiki. An yi amfani da bufurenofin, ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe don ta sauƙaƙa ciwon yayen, kuma sun san ƙa'idarta: ba a bayarwa sai alamomin sun bayyana sosai a ma'aunin COWS na tsananin ciwon yayen, galibi bayan awa 12 ko fiye da shan ƙarshe. Dalili kuwa, tana ture ƙwayar da ta riga ta zauna a jiki, to in aka yi gaggawa sai ciwon ya rufto gaba ɗaya cikin mintoci, mara lafiya ya rantse ba zai sake taɓa maganin ba. Masu shan diyazefam da danginsa a hankali ake rage musu, makonni ko ma watanni, domin yankewa kai tsaye na jawo jijjiga.

Mako na biyu zuwa na huɗu ba yabo ba fallasa. Zaman rukuni safe da yamma, darasin gane abin da ke tayar da ƙishirwar sha, da taron matakai 12 irin na ƙungiyar masu neman daina shan giya, Alcoholics Anonymous, da aka kafa a Amurka a 1935. Ganawa da mai ba da shawara ido da ido sau ɗaya ce a mako, ta yi kaɗan. Binciken ciwon damuwa da firgici ma sama-sama aka yi, ga shi sau da yawa su ne tushen shan. Ga masu hodar ibilis, metamfetamin ko tabar wiwi, wannan sashe shi ne maganin kacokan, tunda har yanzu babu ƙwayar da aka amince da ita don su.

Sai sallama. Babban kuskurensu shi ne janye bufurenofin tun a kwana na goma, don a fita da mutum "tas, ba komai a jininsa". Maganar tana faranta ran iyali, amma a lura da abin da ke faruwa a jiki. Bayan makonni ba a sha ba, sabon da jiki ya yi da ƙwayar ya zube. Ranar da aka koma, hannu ya tuna tsohon adadi, jiki kuwa ya manta, numfashi ya tsaya. Shi ya sa makonnin farko bayan fita daga cibiya ko gidan yari suka fi kowane lokaci haɗari. Abin da ke rage mace-macen nan sananne ne: ci gaba da bufurenofin, galibi miligiram 8 zuwa 24 a rana, ko metadon, wani magani mai irin wannan aiki, miligiram 60 zuwa 120, wata da watanni ko shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Masu cewa an sauya wata ƙwaya da wata ne kawai, su duba wanda ke kan maganin: yana barci, yana zuwa aiki, ba ya yawon nema.

Mai giya ma sai da aka tambaya kafin a ambaci maganin hana komawa. Akwai naltirekson, miligiram 50 a rana ko allurar 380 duk wata, wanda ba a farawa sai jiki ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwayar dangin kodin. Akwai akamfiroset, miligiram 666 sau uku a rana, da ake duba ƙoda kafin a bayar. Ranar dawowa ganin likita kuma wata guda aka sa, bayan lokacin da aka fi buƙatarsu ya wuce. Ya kamata ta faɗo cikin makon farko.

Kwana 28 kansa ba wani adadi ba ne da jiki ya yanka. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta daɗe tana cewa kulawar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan koma sha, kusan daidai da yadda ciwo ke dawo wa masu hawan jini ko asma. Da wannan a gaba, dokarsu ta korar duk wanda fitsarinsa ya nuna ya sha ba ta da kan gado. Ba a korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya hau, magani ake gyara masa.

Ba su kuma ba da nalokson a hannu ba, wato maganin farfaɗo da wanda ya sha ƙwayar dangin kodin fiye da ƙima, kuma kada iyali su bar ƙofa sai da shi. Alamar an sha fiye da ƙima ita ce mutum ba ya farkawa, numfashi a hankali ko da minshari, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya sauya launi. A fesa miligiram 4 a hanci ɗaya, a kira motar asibiti, a kwantar da shi ta gefe. In bai motsa ba bayan minti 2 zuwa 3, a fesa na biyu a ɗaya hancin. Ƙarfinsa minti 30 zuwa 90 ne kawai, ƙwayar da aka sha kuwa tana iya wuce haka, don haka ko ya tashi yana magana, kada a bar shi shi kaɗai har ma'aikatan lafiya su iso.