Labarin juyen mai daga Jamus: inji, giyabos da aksul

Assalamu alaikum Yaya, fatan kana lafiya da iyali. Tambayar da ka min rannan a waya kan wane mai nake zuba wa motar nan tawa, na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake don maganar ta fi ƙarfin minti biyu, kuma ni kaina sai da na zo ƙasar nan na gane ashe rabin abin kawai na sani.

Motar dai ka gan ta a hoto, Toyota GT86 ce ƙirar 2013, giyar hannu guda shida, inji lita 2 irin kwantaccen nan na Subaru, kuma tayoyin baya ne ke ja. To wannan jan bayan shi ya sa mai uku take sha daban daban, na inji, na giyabos, sai na aksul ɗin baya inda difaranshiyal yake, wato abin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya biyu. Mota mai jan gaba yawanci giyabos da difaranshiyal gida ɗaya suke, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san da zaman na ukun ba.

Baƙin mai, wato na inji, tukuna. Ranar farko da na shiga shagon kayan mota a nan wallahi kaina sai da ya ɗaure, Liqui Moly ne, Motul ne, Castrol, Ravenol, Mobil 1, jarkoki reras tun daga ƙasa har sama, na tambayi mai shagon wanne ya fi kyau sai ya ce min me littafin motarka ya ce? Haka suke a nan, ba wanda zai ce maka wannan kamfanin ya fi, lambar da ke bayan jarka suke karantawa. Littafin tawa 0W-20 ya ce, kuma lita 5.4 take ci in an canza har da filta. Lambar farko mai W ɗin nan tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in inji ya yi zafi. A hunturun nan da ruwa ke ƙanƙara 0W ɗin yana da rana sosai, don da ka murza makulli mai ke hawa sama ba jira. Amma masu kai irin motar nan filin tsere kamar Nürburgring, wanda zagaye ɗaya ya haura kilomita 20, da yawansu 5W-30 suke komawa saboda man yana ɗaukar zafi ya tsinke. Ni dai in zan je can ko zan daɗe ina taka ta a Autobahn, babbar hanyar Jamus, cikin zafi 5W-30 nake sa wa, sauran lokaci kuma abin da littafi ya ce.

Wani abu da ya burge ni shi ne rubutun jikin jarka. A Jamus ba kowane mai ake bari a rubuta masa "vollsynthetisch" ba, wato haɗin sinadari zalla. Shi kuwa wanda aka tace daga ɗanyen mai aka inganta sai dai a sa masa wani suna irin su HC-Synthese. Abokina da ke Amurka ya ce su can duka biyun suna ɗaya ake kiran su. Ba wai na HC ɗin ba shi da kyau ba ne, yana da kyau ƙwarai, amma ka san abin da ka biya kuɗinsa, kuma wannan ni ya fi min komai.

Wajen yin juyen kuwa hanya uku ce. Gidan dila, aikinsu tsaf kuma za su buga maka hatimi a littafin sabis wanda ke ɗaga darajar mota ranar saidawa, sai dai kuɗin aiki da awa ake lissafa shi kuma dole ka nemi rana tun da wuri. Akwai ƙananan gareji masu zaman kansu, sun fi sauƙi, wasu har su yarda ka zo da manka. Na ukun shi ne wanda na fi so, gareji ne da ake ba da hayar injin ɗaga mota da sifanoni na awa ɗaya ko biyu, kai za ka yi aikinka da hannunka, in ka maƙale akwai bakanike a kusa. Tsohon man kuma ba a zubar da shi ko'ina, zuba shi a ƙasa ko a kwata laifi ne babba, doka ta ce shagon da ya saida maka mai dole ya karɓi tsohon daidai adadin da ka saya kyauta, shi ya sa nake ajiye rasit.

Yanzu ga inda na fi so ka saurara, man giya. Hunturun farko da na sayi motar giya ta biyu ta dinga min gardama da safe, sai na tura da ƙarfi wani lokaci har ta yi ƙarar nan mai tada tsikar jiki, in mota ta ɗumama kuma sai ta saki. Na duba takardun wanda ya saida min, juyen inji duk a rubuce, na giyabos da aksul ko sau ɗaya babu. Raina ya ɓaci gaskiya. Na kai ta garejin haya na ɗaga, na kai sifana kan notin ƙasa kenan wani dattijo bakanike ya riƙe min hannu ya ce fara kwance na sama, na zubawa, don in ka tsiyaye mai sannan na saman ya ƙi kwancuwa to motarka ta kwana a nan. Man da ya fito baƙi ƙirin, ga warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da na haska fitila a cikin tasar sai ga ƙyalli ƙyalli launin zinare, dattijon ya ce garin zobban tagulla ne da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga.

Shi ya min bayanin GL-4 da GL-5, wato ajin man giya da ake rubutawa a jikin kwalba, kuma don Allah Yaya ka riƙe wannan. GL-5 yana da sinadarin sulfa da yawa don haƙoran aksul da ke gogar juna da matsi mai tsanani, amma a giyabos na hannu yana iya yi wa zobban tagullan nan santsi fiye da kima har su kasa kamawa, wasu nau'insa ma suna cin tagullar. Littafin tawa GL-3 75W-90 ya rubuta, lita 2.2, shi GL-3 yanzu da wuya ka gan shi a kanta sai GL-4 ake sa wa madadinsa. Akwai Red Line MT-90 na Amurka GL-4 ne zalla, akwai Motul Gear 300 na Faransa wanda aka rubuta masa duka biyun. Na ɗauki GL-4 zallan, na tura shi da ɗan famfon hannu har ya fara tsiyayowa daga ramin sama, mota a daidaice ba a karkace ba, wannan shi ne gejinsa ba wata sanda. Washegari da asuba giya ta biyu ta shiga ba musu, ba ta zama kamar sabuwa ba amma ƙarar ta tafi.

Aksul bai da wahala. 75W-85 GL-5, lita ɗaya da ɗan ɗori, don haka kwalba biyu za ka saya. Notin ƙasan yana da maganaɗisu, in ka ga toka toka mai laushi kamar kwalli a jikinsa ba komai, goge kawai, in kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne da kake jin kaifinsa a yatsa to haƙori ne ke ci. Difaranshiyal ɗin tawa Torsen ne, da haƙora yake aiki, ba ya buƙatar ƙarin sinadari, amma wanda ke da faifan kulochi a ciki in ba a sa masa mai mai alamar LS ba zai dinga karkarwa yana ƙara a kwana.

Kuma woshar notin juye mai, kar a maida tsohuwa. Sau ɗaya take matsuwa ta toshe, in ka maimaita sai ɗiga, a nan kuwa duk shekara biyu ake kai mota binciken TÜV, in suka ga mai na ɗiga sai su ƙi ba ka takarda har ka gyara ka dawo.

Ni yanzu tsarina, inji ba na bari ya haura kilomita 10,000 ko shekara ɗaya, in na je filin tsere da na dawo nake juyewa, giyabos da aksul kuma duk kilomita 40,000 tare nake yi musu rana ɗaya, wannan ra'ayina ne na mai taka mota da ƙarfi. Ka ɗauko min hoton shafin mai na littafin motarka da malejinta ka turo, sai in duba maka lambobin guda uku kafin ka sake kai ta juye. A gaida su Umma da yara.