EOD mai ajiye mutum a hanya: a gyara ta, ko a sayar a koma Camry?

Wa alaikumus salam. Malam, Honda Accord ɗinka ta 2004, wadda ake kira EOD, mai silinda huɗu da giyar otomatik, da ka ce tana zafi a cunkoso, tana mutuwa a hanya, ƙafar gaba tana ƙara, har kana tunanin sayar da ita ka cika kuɗi ka ɗauki Camry Muscle, wato Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda aka hau a nan gida: gyara ta. Amma gyara ɗaya na gaske, ba irin na yau a canza fulogi guda, jibi a liƙe lagireto da gam, gata a ce a gwada wani kwayil a gani ba. Wannan ɗin ne ke cinye albashi, motar kuma tana nan yadda take.

Injin da ke cikinta, K24 mai lita 2.4, yana cikin masu jimirin da Honda ta taɓa ƙerawa. Sarƙa ce ke juya kansa, ba bel ba, don haka babu fargabar wata rana bel ya tsinke fistan ya daki bawul. Ana samun irinsa ya haura kilomita 300,000 ba a taɓa buɗe shi ba, muddin ba a bar shi da ƙishin baƙin mai ba, ba a kuma bari ya tafasa ba. Kayansa kuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, kafin ka gama faɗin sunan abu an miƙo maka uku ka zaɓa, kuma babu bakaniken da zai ce yau ya fara ganin cikinsa. Da V6 ce, mai silinda shida, da maganar ta sauya, don giyabos ɗin V6 ta 2003 da 2004 sai da kamfanin ya kira ta gyara a Amurka a 2004, kuma injinta bel yake amfani da shi. Taka ba ta cikin wannan layin.

Kafin ka sayi ko da kusa ɗaya, a yi mata gwaji uku a rana ɗaya, su ne za su raba gardama. A kwance fulogi huɗun a ɗaura agogon auna matsi a kowace silinda. Kowace ta wuce 135 psi, kuma tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ta kai 30. Sannan da safe, injin na sanyi, a buɗe murfin lagireto a tayar da ita a zuba ido: in kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan injin ya ɗumama, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Shi ma ba mutuwa ba ne, amma sai an kai kan injin wurin masu injin sassaƙa sun duba ko ya lanƙwashe, in ba haka ba sabon gasket ba zai yi wata uku ba. Na uku, a hau da ita rami a leƙa shasi. Walda a ƙashin gaba, ko tsatsar da sukundireba ke hudawa, ko tayoyin da kullum gefe ɗaya suke cinyewa duk saitin da aka yi, wannan babu kuɗin da ke gyara shi.

In ta tsallake ukun nan, sauran duk ƙananan abubuwa ne da suka taru suka yi maka taron dangi.

Zafin da take yi a cunkoso, ta kuma huce da zarar ta samu hanya, kusan kullum fanka ce. Fanka biyu ne a bayan lagireto. Kunna AC tana tsaye, dukansu su juya da ƙarfi. Wadda ke juyi a kasalance ɗan injin da ke juya ta ya gaji, wadda ba ta motsi a fara duba fiyus da rile kafin a sayi sabuwa. Sannan a wanke tsakanin lagireto da kwandensar AC da ke gabansa, don ƙurar hunturu da kaikayi suna yin tabarma a wurin, iska ba ta ratsawa. Abin da aka saba yi a garejinmu shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a ce ai ƙasarmu zafi gare ta. Wannan ba magani ba ne, rufe ciwo ne. Tamostat ɗin motar nan wajen digiri 78 yake fara buɗewa. In babu shi, injin kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton har yanzu safiya ce, kai kuma ka yi ta mamakin inda manka ke tafiya. A mayar da tamostat na asali, a sa sabon murfin lagireto mai lamba 1.1 a jikinsa, a canza tiyo na sama da na ƙasa in sun yi laushi ko sun kumbura. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma a daina. Gishirin cikinsa ne ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto yana cin famfon ruwa. A zuba kulant. In lagireton ya toshe, saya wani ya fi a yi ta tsokana da waya, kuma ka tabbata na otomatik ne, mai bakin tiyo biyu a ƙasa inda man giya ke bi ya huce.

Mutuwa a hanya ba a yi mata canke. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'ura ta karanto laifin. In na'urar ta nuna lamba P0301 zuwa P0304, tana nufin silinda kaza ba ta ƙona mai, sai a musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta a ga ko laifin ya bi shi. P0335 firikwensin kurankishaf ne, wanda kan kashe mota in ta yi zafi, ta tashi da kanta bayan minti ashirin kamar ba ita ba. In babu lambar komai amma tana shaƙewa a hawa ko wajen wuce babbar mota, a auna ƙarfin famfon mai. Famfon a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 mutane da yawa a kan jar fitila suke yawo, lita biyar yau, lita uku gobe wurin 'yan bumburutu, famfo na zuƙar dattin gindin tanki yana ƙonewa. Kada man tanki ya sauka ƙasa da kwata. Batir kuma a sa masa mita: wajen volt 12.6 a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in injin na aiki. A goge kan batir da wayar da ta haɗa shi da bodi. Ana sauke altaneta lafiyayye saboda tsatsar wayar nan.

Bayan gwaji ukun nan, ƙarar ƙafar gaba ita ce abin da za ka fara gyarawa, kafin zafi, kafin komai. Duk wanda ke bin titunanmu ya taɓa ganin Honda a durƙushe, taya ɗaya ta karkace ta shige ƙarƙashi. Boljoyin na ƙasa ne. Nauyin gaban motar a kansa yake rataye, kuma da robar da ta rufe shi ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, kwanansa ƙidayayye ne. A ɗaga ta, a sa ƙarfe a banƙara a ga ko yana wasa. A canza na hagu da na dama tare, sababbi, na kamfani sananne. Nan wurin ba a sayen beljiyam, don ba ka san ramuka nawa ya faɗa ba kafin ya zo hannunka. A danna shi da matsi, ba da guduma ba, kada kuma ka yarda a ɗiga masa walda wai don ya zauna. Notinsa a sa masa fil ɗinsa, ba ƙusa ba. Bayan nan a duba bushin da tayarod, a kai ta saiti.

Giyabos ɗin Honda tana da tsirfa, man kowa ba ya yi mata. ATF-Z1 aka yi ta da shi, yanzu DW-1 ne ya maye gurbinsa. Man giya na gama-gari da ake aunawa a kwalba shi ke kawo fizga da jinkirin shiga. A kwance notin ƙasa, wajen lita 3 zai fito, a mayar da daidai abin da ya fita, a yi kwana biyu ana hawa, a maimaita har sau uku. Kada a hura ta da inji. Ana duba sandar awonta ne bayan an kashe motar da zafinta, ba tana aiki ba kamar Toyota, kuma kanikawa da dama kan manta wannan su cika ta fiye da kima. In harafin D da ke dashbod na ƙiftawa, a karanta lambar tukuna. Sau tari ɗan suwic ne ko solonoyid. Baƙin mai lita 4.2 ne har da tacewa. Littafinta 5W-20 ya ce. Ga injin da ya manyanta a zafinmu 5W-30 ya yi. Mai kauri irin 20W-50 yana jinkirin isa sama da safe, sarƙa da abin da ke ɗaure ta su ne ke biyan bashin.

Yanzu lissafi. Bakanike ya rubuta duk abin da ke sama a takarda, kai da kanka ka shiga kasuwa ka ji farashi a shago uku, ka tara, ka ɗora kuɗin aiki. In jimillar ba ta wuce sulusin abin da za a taya motar yau ba, kada ma ka yi shawara da kowa. In babu halin yi gaba ɗaya, ajiye ta wata ɗaya ka hau adaidaita ka tara, ya fi ka yi rabi ka hau ta lalata rabin da ka gyara. Inda za ka haƙura da ita kawai shi ne shasi ya tafi, ko inji da giyabos duka suna neman sauyi, abin ya doshi rabin kuɗinta.

Camry Muscle kuwa, tana da faɗi, tana da sanyi, ana sayar da ita da wuri. Iyakarta ke nan. Injinta mai lita 2.4 na 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistan, kuma ba a rabuwa da wannan sai an sauke inji. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 'yar kwatano ta fi ƙarfin mai albashi, don haka wanda ke da lafiyayyar mota riƙe abarsa yake yi. Abin da kuɗin EOD mai ciwo da ɗan cikon da ke hannunka za su sayo, mota ce da wani ya gaji da ita kamar yadda ka gaji da taka. Taka aƙalla ka san inda ke mata ciwo. A guji gara a faɗa gidan zago.

Ba ka tambaya ba, amma ko don wasu a zauren nan: dillalan mota akwai na Allah, akwai kuma waɗanda sai a hankali. In ka je ka tarar an riga an ɗumama inji, ka ce za ka dawo da asuba ka tayar da kanka, don hayaƙi da ƙarar sarƙa a sanyi suke fitowa. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, fitilar inji da ta jakar iska su kama, sannan kowace ta mutu a lokacinta. In ba su kama ba an cire ƙwan, in kuma sun mutu tare da ta baƙin mai a daƙiƙa ɗaya, an haɗe wayoyinsu ne. Ana zuba mai mai kauri don a ɓoye hayaƙi. Ana mayar da mita baya, sai ka ga mil 90,000 amma robar birki ta suɗe har ƙarfe. Ɗaga kafet ka shinshina, motar da ruwa ya ci ba ta rabuwa da wari da laka a ƙarƙashin kujera. Bi bodi da maganaɗisu, inda bai kama ba foti ne. Leƙa salansa ka ga ko an fasa an kwashe matatar hayaƙin da ke ciki, wadda ake kira indomi. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta zo ɗaya a gilashin gaba, da jikin ƙofa, da takardar kwastan. Kada ka tura kafin alƙalami a kan hoto, cinikin biri a sama ne. Kai ma in ka tashi sayar da taka, faɗi aibinta. Ɓoyewa algus ne.

Masu kayan gyara ma haka. Ana wanke na gida a fesa masa fenti a ce beljiyam ne. Duba kan notoci ko sufana ta taɓa cinsu, duba ko akwai sabon gam a bakin gasket. Abu mai tsada kamar famfon mai ko fanka, a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit da lambar shago, don alkawarin baki ba ya dawo da kuɗi. Fulogi NGK ko Denso, a buɗe kwalin a gabanka. Duk abin da aka cire daga motarka kuma a saka maka tsohon a but, ka ƙirga da idonka kafin ka biya kuɗin aiki.