Tsofaffin matan da na tarar suna kwana a mota a Arizona

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna da ƙafar tata? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso, na kuma ji shawarar su Kawu ta a sayar da gidan Tudun Wada a raba kuɗin, a kama wa Inna haya a sabuwar unguwa. Kafin in ce komai, bari ki ji inda na je a watan Janairu.

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni Quartzsite, wani ɗan ƙauye a cikin hamadar jihar Arizona a nan Amurka, tafiyar kamar awa biyu daga birnin Phoenix. 'Yan garin ba su kai dubu uku ba, amma da hunturu ya shigo sai daji ya cika da motoci iya ganinki. Na zaci 'yan yawon shaƙatawa ne. Akwai su, da manyan motocinsu masu falo da firiji. To amma a gefe ga dattijai mata, sa'o'in Inna, farare fat da furfura, kowacce motarta ce ɗakinta. Wata ta buɗe mini tata na leƙa: katifa a kan katako, ɗan murhun gas, jarkokin ruwa, sola a saman mota, sai bokiti mai murfi, shi ne bayinta. Wanka kuwa, in sun shiga birni, rajista suke yi a gidan motsa jiki don kawai su sami ruwan zafi.

Filin na gwamnatin tarayya ne. Lokacin da matar ta fara zuwa, dala 180 ake biya a zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da ruwa da wurin zubar da shara. Wadda ba ta son biya akwai inda za ta yi kwana 14 kyauta, sannan ta ƙara gaba. Da zafi ya taso, wanda a nan yakan haura digiri 45, sai su tattara su hau duwatsun yankin garin Flagstaff, inda ya fi sanyi. Cin rani ne a juye. Sai dai Bafulatani in ya tashi, da shanunsa da danginsa yake tashi, su kuwa daga su sai kare.

Kada ki ce ba su da fansho. Suna da shi, kuma ranar da aka ce zai shigo ranar yake shigowa, ba layin tantancewa irin wanda Baba ya sha har ya koma ga Allah. Wannan kam sun fi mu, ba musu. Matsalar ita ce da albashin shekara 35 ake lissafa shi, macen da ta ajiye aiki don raino ko jinyar miji sai a cike mata waɗancan shekarun da sifili. In kuma ta matsu ta fara karɓa tana da shekara 62, an rage mata ke nan har abada. A 2024 matsakaicin abin da ɗan fansho ke samu kusan dala 1,900 ne a wata, na mata bai kai haka ba. Na san yanzu kin fara juya shi zuwa naira, ki bari. Ciki da falon da nake ciki kaɗai ya kusa cinye kuɗin, ba a zo kan wuta da magani ba.

Akwai gidajen tsofaffi masu tallafin gwamnati, inda mutum ke biyan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, amma sai a shekara biyu ana jiran layi. Akwai kuma gidajen tirela: gida naki, ƙasar da yake kai ta wani, mai ƙasar kuma yana iya ƙara kuɗin haya.

Gaskiya ba dukansu ke kuka ba. Duk Janairu suna da taro wanda wani dattijo Bob Wells ya assasa, har da ranakun mata zalla, ana koya musu canza taya da haɗa sola. Mai motar nan ta ce mini bayan aure na shekara arba'in, yanzu ne ba mai tambayarta ina za ta. Na tambaye ta 'ya'ya. Ta ce biyu gare ta, ba ta son ta zame musu kaya ne. Na rasa ta cewa.

A hanyar dawowa na yi ta zagin 'ya'yan nan a raina, sai lissafin gidanmu ya faɗo mini. In an sayar, tumunin takaba ne rabon Inna, ɗaya bisa takwas. Haya shekara nawa zai biya? Daga nan sai ta koma wata uku gidanki, wata uku gidan Yaya Babba, da ƙunshin kayanta, alhali a Tudun Wada ko tari ta yi maƙwabta sun ji.

Don haka ki gaya wa Kawu cikin ladabi ni ban amince ba, kason nawa kuma na bar shi a gidan muddin Inna na raye. In yoyon ɗakinta ne hujjarsu, ki kira kafinta ya duba kwanon, ki turo mini adadin kuɗin da ya yanka kafin ruwa ya sauka.