Wata shida da na'urar auna jinin da zuciya ke harbawa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kulawa ta musamman. Abin da muka taso muka tarar shi ne, da jinin majinyaci ya sauka sai a rataya leda a ƙara masa ruwa. Wata shida ke nan da aka kawo mana wannan na'ura, kuma yanzu hannuna ba ya saurin kaiwa ga ledar.

Aiki da ita ba wuya. Faci huɗu ake mannawa, biyu a saman ƙirji, biyu wajen ƙasan haƙarƙari, ba allura ba yanka. Tana tura 'yar wutar lantarki da mutum ba ya ko ji, ta nuna yawan jinin da zuciya ke harbawa a kowane bugu. A da sai an zura bututun Swan-Ganz ta jijiyar wuya ya ratsa zuciya kafin a san wannan, abin da mu dai a takarda kawai muka karanta.

Inda ta fi burge ni shi ne gwajin ɗaga ƙafa. A kwantar da majinyaci, a ɗaga ƙafafunsa digiri 45, jinin ƙafa ya gangaro wa zuciya. In adadin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ruwa zai amfane shi. In bai motsa ba, ƙarin ruwan zai iya zuwa ya taru a huhu.

Akwai wata dattijuwa da ƙwayar cuta ta shiga jininta, an riga an sa mata leda uku, jinin bai tashi ba. Ɗanta na riƙe da hannunta yana cewa, "Sista, don Allah a ƙara wa Hajiya ruwa." Muka ɗaga ƙafafunta, adadin ko gezau. Likita ya tsayar da ruwan, ya sa maganin da ke matse jijiyoyi. Bayan kwana uku tana zaune tana neman kunu.

Tana da nata matsalolin. Facin sau ɗaya ake amfani da shi, ga tsada, kuma a zafin Afrilu gumi kan ɓamɓare shi. In majinyaci na rawar sanyi ko yana fizge-fizge, lambobin sai su yi ta tsalle, dole a jira ya lafa. Duk asibitin da zai saye ta ya ware kuɗin faci na shekara tun farko, don tamu ta taɓa zaman sati biyu a lulluɓe saboda ya ƙare.