Great North Run: abin da na gani da na tashi daga rukunin baya

Ambulan ta iso ta gidan waya a watan Agusta. A ciki akwai lambar da zan manna a ƙirji, launinta kore, ga wani harafi a gefe. Ban ɗauki launin a bakin komai ba sai da na nuna wa wani yayanmu Bazazzage da ya riga ni zama a Newcastle, wanda ya yi wannan tsere har sau uku. Ya jujjuya lambar, ya ce, "Ƙanena, awa nawa ka rubuta musu ranar rajista?" Na ce awa biyu da rabi. Ya ce, "Yanzu fa, a minti nawa kake cin kilomita goma?" Na ce 57. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ka tauye wa ƙafafunka haƙƙinsu. Sai ka shirya kutse."

Great North Run rabin gudun fanfalaki ne, wato kilomita 21.1, ko mil 13.1 a ma'aunin mutanen nan. Ana yin sa a watan Satumba a arewa maso gabashin Ingila, a tashi daga Newcastle, a tsallaka gadar Tyne zuwa Gateshead, a ƙare a bakin teku a South Shields. Brendan Foster, wanda ya ci tagulla a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1976, shi ya kafa shi a 1981, kuma mutum wajen dubu 12 ne suka yi na farkon. Yanzu ana ba mutum kusan dubu 60 gurbi, masu nema kuwa sun fi haka yawa, shi ya sa ake yin ƙuri'a tun farkon shekara. Wanda ƙuri'a ba ta faɗa masa ba yana iya shiga ta hannun ƙungiyar agaji, da sharaɗin zai tara mata kuɗi. Ni ƙuri'a ce ta faɗa mini.

A takardar rajistar akwai wani ɗan gurbi da ake tambayarka tsawon lokacin da kake sa ran gama tseren. Na cika shi a cikin sanyin hunturu, lokacin ban taɓa yin gudun da ya wuce kilomita biyar ba. Na ga gara in rubuta da sauƙi, kada in cika baki. A lokacin na ɗauka tambaya ce ta cika takarda kawai. Ashe da wannan amsa ake tsara inda za ka tsaya, da mutanen da za su kewaye ka, da lokacin da za ka taka layin tashi.

Mutum dubu 60 ba za su tashi lokaci ɗaya ba, ko da kuwa a kan babbar hanyar mota ce, kamar yadda ake rufe ta tsakiyar Newcastle don wannan rana. Masu keken guragu da ƙwararrun mata su ake fara sallama. Daga nan sai ƙwararrun maza, jama'a na biye da su rukuni-rukuni bisa launin lamba: ruwan lemo a gaba, sai fari, sai kore, ruwan hoda a ƙarshe. Kowane launi kuma an yanka shi gida-gida da shingen ƙarfe, harafin da ke kan lambarka shi ne gidanka. A bakin kowane shinge akwai ma'aikata masu duba ƙirji. Ƙa'idar guda ce: kana iya komawa baya idan kana son tafiya tare da abokinka da ke can, amma ba ka matsawa gaba. Da farko abin ya ɗan tsaya mini a rai, daga baya na ga gaskiyarsu. Da za a bar kowa ya zaɓi wurinsa da safiyar nan, kowa gaba zai nufa, kuma a cunkoso irin wannan mutum ɗaya ya faɗi sai ya kayar da goma.

Shirin da na yi bai da wani sirri. Mako goma sha huɗu, sau uku a mako. Da bazara a nan gari yakan waye tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, don haka nakan fita bayan sallar asuba in bi gefen kogin Tyne, babu mota babu hayaniya. Gudu biyu gajeru a tsakiyar mako, ɗaya dogo a ƙarshensa, ina ƙara masa kilomita ɗaya ko biyu har ya kai 18, sannan na sassauta a mako biyun ƙarshe don jiki ya huta. Ranar Asabar da ƙarfe tara nakan je parkrun na filin Town Moor, gudun kilomita biyar kyauta da ake auna wa kowa lokacinsa. Filin nan a tsakiyar birni yake, amma shanu na kiwo a cikinsa. Ranar farko da na gan su sai da na tsaya ina kallo, na tuna da hanyar garinmu da damina.

A can Town Moor na fara jin yadda ake hasashen lokaci da hujja. Wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar da lissafi a 1977 da ke nuna yadda saurin mutum ke raguwa idan nisa ya ƙaru. A sauƙaƙe, ka ɗauki lokacinka na kilomita goma ka ninka shi sau 2.2. Nawa minti 57, ya ba da 125, wato awa biyu da minti biyar. Mai wannan lokaci yana cin kowace kilomita a ƙasa kaɗan da minti shida. Mai awa biyu da rabi kuwa yana cinta a minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi. A takarda bambancin minti ɗaya ne da ɗoriya, amma a kan titin da ya cika maƙil yana nufin duk wanda ke gabanka sai ka nemi hanyar wuce shi. Lissafin yana aiki ne ga wanda ya yi dogayen gudunsa. Wanda bai taɓa wuce kilomita goma ba, ya ƙara wa kansa minti biyar ko goma.

Ranar tsere na fita da wuri, na sa jakata a motar kaya da ke kai su South Shields, na shiga shingena. Tsari dai an yi tsari. Alamomin launi manya ne, ba ka ɓata, ma'aikatan sa-kai kuma suna da fara'a. Abin da ya kamata mai zuwa ya sani shi ne tsayuwa. Na ji ta lasifika an sallami na gaba, na ga ƙwararru a babban allo suna tsallaka gada, mu kuwa ko motsi ba mu yi ba. Jiragen Red Arrows, na nunin bajinta na sojojin saman Burtaniya, sun wuce da hayaƙinsu ja da fari da shuɗi muna nan muna jan ƙafa. Sai bayan kusan minti arba'in na taka layin tashi. Yayan nan nawa ya riga ya ce in sa tsohuwar rigar sanyi da ba na buƙata, in yar a gefe idan an kusa, ana tattara su a ba masu agaji. Ba don shawararsa ba da na fara gudu jiki a sandare.

Wannan jira ba ya shiga lissafinka. A bayan lambar akwai 'yar na'ura a manne, agogonka ba ya fara bugawa sai ka taka shimfiɗar da ke kan layi. Shi ya sa kowa ke da lokaci biyu, na agogon tsere da nasa na kansa, kuma na biyun shi ne ake rubuta maka. Ƙanwata da ke bibiyata ta manhajar waya daga Kano ta kira matata hankali a tashe, wai an ce an tashi tun ɗazu amma Yaya bai motsa ba, ko lafiya? Da na yi musu wannan bayani tun da wuri da ba su shiga damuwa ba.

Kilomita biyar na farko su ne kutsen da aka gaya mini. Hanyar tana rabuwa biyu jim kaɗan da tashi, wani ɓangare ya bi ta sama, wani ta ƙarƙashi, inda masu gudu ke rera kirari muryoyi na amsa kuwwa. Daga nan gangare ne zuwa gada. Ƙafa na son tafiya, gaba kuwa bango ne na mutane. In ga 'yar kafa in shige, in ci birki, in koma gefe, in hau bakin titi in sauko. Kowane irin wannan motsi yana cin ƙarfi, kuma yana ƙara nisa: agogon hannuna ya nuna kilomita 21.6 a ƙarshe. Laifin nan nawa ne, ni na rubuta abin da na rubuta, su kuma suka ajiye ni inda na ce.

Akwai dai abin da ya fi wannan ɓata mini rai. Tun kafin mu kai filin wasa na Gateshead na fara tarar da mutane masu farar lamba, har da ruwan lemo, suna tafiya da ƙafa, wasu su uku a jere sun tare hanya. Ba na maganar wanda rauni ya kama, wannan yana iya samun kowa. Ina maganar wanda ya rubuta lokacin da ya san ba nasa ba ne don kawai ya tashi da wuri. Ya cuci na bayansa, ya kuma cuci kansa, domin mutum ba ya tsayawa cikin masu sauri bai bi su ba. Zai kwasa da gudun da ya fi ƙarfinsa, kafin kilomita huɗu numfashi ya ƙare, sauran 17 kuma ya yi su cikin wahala mutane na wuce shi ta dama da hagu. Mai son tafiya da ƙafa ba a hana shi ba, ya ɗaga hannu, ya koma gefe.

Duk da haka ba zan ce zaman baya asara ce zalla ba. Cunkoson ya hana ni kwasa a gangaren farko, kuma wannan hanya tana hukunta masu gaggawa. Akwai hawa a hankali har wajen mil na biyar, sannan daga mil na takwas a shiga titin John Reid, a yi ta hawan da ido ba ya gani sosai amma cinya na ji, har kusan mil na goma sha biyu. A nan na wuce mutane da yawa da suka ƙone tun farko. Kuma a rukunan baya ne ake ganin ainihin jama'ar wannan tsere. Na bi bayan wata dattijuwa mai hoton ɗanta a riga, da shekarar haihuwa da ta rasuwa a ƙasa. Na yi kusan kilomita biyu ban wuce ta ba, ina yi wa nawa mamatan addu'a.

Mutanen gari kuwa sun cancanci yabo. Tun daga gada har teku babu inda titi ya zama fayau. Yara na miƙa hannu a tafa, makaɗa a mararraba, tsofaffi a ƙofar gida da faranti. Alewar roba da suke miƙawa galibi da gelatin ake yi, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi har da alade, don haka na bar ta na ɗauki yankan lemo, ga dabino biyar da na sa a aljihu ina ci ɗaya bayan kowane minti ashirin da biyar. Ruwa isasshe ne a hanya, akwai ma wuraren da ake fesa wa mutane. Alamomin nisa na mil ne, wanda ya saba da kilomita irina ya rubuta lissafinsa a hannu tun daga gida.

Sai ga gangare mai tsauri, sai ga teku a gabanka. Na ɗauka an gama, ashe saura fiye da mil guda a miƙe a gefen ruwa, jama'a sun yi dafifi hagu da dama. A wannan titi Mo Farah, zakaran gudu na Burtaniya, ya ci tseren sau shida a jere daga 2014 zuwa 2019, a nan kuma ya yi tserensa na ƙarshe a 2023. Martin Mathathi na Kenya ya gama hanyar nan a minti 58 da daƙiƙa 56 a 2011. Ni na gama a awa biyu da minti goma sha ɗaya.

Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne, amma ban yi nadamar biya ba. Wanda burinsa kawai ya kafa lokaci mafi kyau, ƙaramin tsere mai mutum dubu ɗaya ko biyu zai fi yi masa, domin a nan ko a shingen da ya dace kake ba za ka rabu da kafaɗun mutane ba. Wanda kuma yake son ya ga yadda gari guda ke fitowa don baƙin da bai sani ba, ya nemi gurbi. Ya dai auna kansa a kilomita goma kafin ya cika gurbin nan, kuma ya lissafa da atisayen da zai yi a watannin da ke tsakani.

Bayan na karɓi lambar yabo da jakata, lokacin azahar ya riga ya shiga, tashoshin jirgi kuma sun cika. Yayana ya ce mu taka zuwa Laygate, unguwar da Yamanawa ma'aikatan jirgin ruwa suka zauna tun fiye da shekara ɗari. A masallacin Al-Azhar da ke can aka sa wa auren ɗan damben nan Muhammad Ali albarka lokacin da ya ziyarci garin a 1977. Na yi alwala da ƙyar, gwiwa ba ta lanƙwasuwa, na yi sallar a zaune. Da muka fito ya ce, "To ƙanena, baɗi me za ka rubuta musu?" Na ce awa biyu da minti biyar, in Allah ya kai mu.