Awa huɗu da minti 45 a ɗakin matsin iska: sharhina

Wanda duk yake nutso a teku da tulun iska, ya nemi sanin inda ɗakin matsin iska (inda ake jinyar ciwon da kumfar iska ke jawowa a jiki bayan nutso) mafi kusa yake tun kafin ya shiga ruwa. Ni ciwon kafaɗa ne ya kai ni, bayan nutson da ya kai mita 30. Ciwo ne can cikin gaɓa, ko ka motsa hannun ko ka bar shi yana nan, ga gajiya mai nauyi da ƙaiƙayi a ƙirji.

Likitan bai ɓata lokaci ba. Ya ɗora mini oksijin zalla, ya ba ni ruwa na sha, ya sa na yi tafiya a miƙe, na tsaya ido rufe, ya gwada ƙarfin ƙafafuna, har fitsari ya tambaya ko yana fita. Abin da yake tsoro shi ne kumfar iskar da ke jikina ta taɓa lakar ƙashin baya. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar doron ƙasa, naitirojin da ke cikin iskar da ake shaƙa ya yi ta narkewa cikin jini da tsoka. In aka taso kafin ya fice ta huhu, sai ya zama kumfa. Wani gaɓa kawai take kamawa, wani jiri, wani ƙafafu su mutu.

Ɗakin kamar tankar mai yake, da 'yar taga. Waya, agogo, man shafawa, duk a waje aka bar su saboda gobara, aka ba ni kayan auduga. Da aka fara matsa iska sai ƙara da zafi, kunne na toshewa, ina ta toshe hanci ina hurawa. Muryar ma'aikacin da ya shiga tare da ni ta koma siririya, har ya ba ni dariya duk da ciwon. Tsarin jinya na 6 na sojan ruwan Amurka suka bi: matsi daidai da na zurfin mita 18, oksijin minti 20, hutun minti 5, a maimaita, daga baya a sassauto zuwa mita 9. Tun a zagayen farko kafaɗar ta saki. Wannan kaɗai ya isa yabo.

Sai dai takunkumin shaƙar oksijin yana matsa hanci, muƙamuƙi ya gaji, lokacin rage matsi kuma sanyi ya shige ni, bargon nasu bai kai ba. Babban ƙorafina layin wayarsu ne: sai da muka yi ta kira da dare kafin a ɗauka, alhali a wannan ciwo jinkiri ke barin lahani.

Da za su sallame ni sun hana ni hawa jirgin sama na kwanaki da nutso na makonni, suka kuma tura ni a duba zuciyata, ko akwai 'yar ƙofar da ke barin kumfa ta tsallake huhu.