Tallan jirgi biyu da Alhaji ya turo: wanne ne na gaske?

Alhaji, Allah shi ƙara girma. Ka turo mana talla biyu na ƙaramin jirgin sama Cessna 172. Ka ce yaronka ya kusa gama koyon tuƙi a makarantar Zariya, kana son jirgin da zai riƙa tara awoyi da shi, kuma ya rage maka wahalar hanyar Maraɗi zuwa Yamai. Na farko a wani rukunin Facebook ka gan shi: ƙirar 1991, lambar Amurka, yuro 24,000, kuma mai shi yana son kafin alƙalami na yuro 3,000 kafin Juma'a. Na biyu na wata ƙungiyar koyon tuƙi ne a Faransa: ƙirar 1975, yuro 78,000. Ka tambaya wanne za ka bi.

Kada ka tura ko dala a kan na farko. Na biyu yana da kamar gaskiya, amma shi ma bai kai a ba shi kuɗi ba tukuna. Ga abin da na gani da na jera su.

Shekarar ƙira ce ta fara tsayar da ni. Kamfanin Cessna ya fara sayar da 172 a 1956, zuwa yau ya yi fiye da 44,000, amma a 1986 ya dakatar da ƙera shi, bai dawo ba sai bayan shekara goma. To 172 ƙirar 1991 daga wace masana'anta ya fito? Babu shi. Wanda ya mallaki jirgi ba ya ɓata shekarar jirginsa, don tana rubuce a kowace takarda da yake riƙe da ita. Na biyu kuwa ya rubuta F172M, 1975, kuma maganar ta zauna: wannan F ɗin na jiragen da kamfanin Reims Aviation ya harhaɗa ne a Faransa da izinin Cessna, samfurin M kuma daga 1973 zuwa 1976 aka yi shi. Sai dai kada 'yan uwa su ɗauka kullum haka ake kama su. Wannan ɗan damfarar ya yi sakaci ne. Wanda ya ƙware yakan kwafe tallan gaske harafi da harafi, lambar waya da farashi kawai zai sauya.

Sai farashi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka na farko miliyan 16 ne ba kaɗan, na biyu miliyan 51 da ɗoriya. Na san abin da ya ja hankalinka ke nan, kuma kowa ma zai ja nasa. Amma injin wannan jirgin, Lycoming O-320, kamfanin da ya yi shi ya ba da shawarar a kwance shi a sabunta bayan awa 2,000 ko shekara 12, kuma kuɗin wannan aikin kaɗai yana iya cinye duk abin da mai tallan farko yake nema, har ya nemi ƙari. Shi kuma ya rubuta cewa injinsa awa 300 kacal ya yi tun sabuntawa. Wato zai ba ka jirgi sukutum a ƙasa da kuɗin injin da ke cikinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da gaskiya ne, da maƙwabcinsa na rumfar ajiye jirage ya saye shi tun kafin a kai ga Facebook. Mai talla na biyu bai yi wa kayansa kwalliya ba: jikin jirgi awa 9,400, inji awa 1,650 tun sabuntawa, fenti ya koɗe, kujerar matuƙi ta yage a gefe. Mutumin da ya nuna maka yagaggiyar kujera da hannunsa ya san za ka zo ka gani.

Inda na fi daɗewa shi ne lambar jiki. Kowane jirgi yana da lambar rajista a gefensa, kuma farkon lambar yana faɗin ƙasa: N Amurka, F Faransa, G Ingila, D Jamus, ZS Afirka ta Kudu, 5N Najeriya, namu na Nijar 5U. Hukumar FAA, mai kula da harkar jiragen sama a Amurka, ta buɗe rajistarta a intanet kyauta. Ka sa lambar N, ta fito maka da samfuri, shekara, lambar masana'anta, da sunan da aka yi rajista da shi. Takwararta ta Faransa, hukumar DGAC, ita ma tana da irin wannan. A hotunan tallan farko an goge haruffa biyu na ƙarshe a kowane hoto. Ka buɗe hoto na uku ka faɗaɗa shi, wanda aka ɗauka daga baya: za ka ga jan layin da ya bi jikin jirgin ya katse daidai wurin, sannan ya ci gaba, kamar an shafa da yatsa. Da ka tambaye shi ya ce don tsaro ne. Wane tsaro? Lambar da dokar ƙasarsa ta ce a rubuta ta a jikin jirgi inda kowa zai gani? Na biyu ya bar lambarsa a fili, na duba, sunan ƙungiyar ne ya fito, lambar masana'anta ma ta yi daidai da ta talla.

A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, kuma a nan ake cin su. Rajista tana tabbatar maka cewa jirgin yana duniya kuma ga mai shi. Ba ta tabbatar maka cewa wanda kake hira da shi a WhatsApp shi ne mai shi. Don haka ko na biyun, kada ka kira lambar da ke cikin talla. Nemo lambar ƙungiyar da kanka, daga shafinsu ko daga filin jirgin da suke zaune, ka sa wanda Faransancinsa ya nuna ya kira ya ce: jirginku mai lamba kaza na sayarwa ne? Wa kuka wakilta? Duk binciken da za ka yi, ka shiga ta ƙofar da ba mai talla ne ya buɗe maka ba.

Hotunan na farko ma na sa su a Google Lens, manhajar da take nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sai ga su a wani tsohon talla na Amurka, jirgi ɗaya, rumfa ɗaya, lamba a cike, farashi ya ninka wannan sau uku da wani abu. Daga manyan shafukan sayar da jirage irin su Controller, Trade-A-Plane, Barnstormers da PlaneCheck ɓarayin suke kwasar hotunan bayin Allah.

Labarin mai talla na farko ba sai na tsaya a kansa ba, kowa ya san irinsa: yana aiki a tsakiyar teku, ba ya iya kiran bidiyo, jirgin na marigayi mahaifinsa ne, akwai wani mai saye da ke jira. Har da "in sha Allah" ya sa maka da ya ga sunanka. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, don da gangan yake taɓa inda ya san zuciyar Musulmi tana laushi.

Mu zo takardu, don rabin darajar tsohon jirgi a cikinsu take. Jirgi yana da littafin jiki, da littafin inji, galibi da na farfela. Duk gyaran da aka taɓa yi, duk binciken shekara, duk umarnin gyara na dole da hukuma ta fitar, an rubuta da kwanan wata da awoyi da sa hannun injiniya da lambar lasisinsa. Jirgin 1975 littattafansa tuli ne, rubutun hannu iri-iri, tawada iri-iri, wani shafin da tabon mai. Na farko ya turo maka shafi ɗaya tal, fes da shi, ya ce sauran sai an biya kafin alƙalami. Na biyu ya ce zai turo duka in ka nema. To ka nema: shafukan farko, da na shekara biyar na ƙarshe, da shafin da aka rubuta sabunta inji da sunan wurin da ya yi aikin, da takardar binciken cancantar tashi wadda a Turai shekara ɗaya take yi. Ka ba yaronka da wani injiniyan jirgi su bi awoyin su ga ko suna hawa a jere. In an tsallake shekara uku babu rubutu, a tambayi dalili. Jirgin da ya daɗe a ajiye ba ya tashi, tsatsa takan ci injinsa daga ciki, kuma hoto ba ya nuna wannan.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba maka su a yini ɗaya. Ka ce wa kowannensu ya tsaya kusa da jirgin ya kira ka da bidiyo, kai tsaye. Ya nuna lambar jiki, ya zagaya ya nuna ɗan farantin ƙarfen da masana'anta ta buga lambarta a kai, wanda yake kusa da wutsiya ko a bakin ƙofa, sannan ya shiga ciki ya nuna agogon awoyi. Kai ne za ka riƙa cewa juya nan, buɗe can. Hoto da takarda mai kwanan wata bai isa ba yanzu, kwamfuta tana haɗa shi cikin minti kaɗan. Ina da yaƙinin na farko zai ce intanet ɗinsa ba ƙarfi.

Ko bidiyon ya yi kyau, ba a cinikin biri a sama. Sai injiniyan da kai ka ɗauka, kai kake biyansa, wanda ba shi ne yake kula da jirgin a da ba, ya je ya buɗe murfin inji, ya auna matsin kowace silinda, ya yanka matatar mai ya duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ya leƙa cikin fikafikai da ƙarƙashin daɓen jirgin don tsatsa. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya ƙi, ko ya ce sai dai nasa injiniyan, ka bar masa kayansa ko da jirgin na gaske ne.

Hanyar biyan kuɗi ita ce ta ƙarasa tona asirin na farko. Ya ce a tura ta Western Union da sunan wani mutum dabam a wata ƙasa ta uku, ko kuwa da kuɗin intanet na kirifto. Waɗannan hanyoyi an yi su ne don aika wa wanda ka sani, in an karɓa an karɓa ke nan. Da ka nuna shakka, sai ya kawo maka "kamfanin riƙon amana" da zai riƙe kuɗin har jirgi ya iso. Irin waɗannan kamfanoni akwai su da gaske, da yawansu a Oklahoma City suke, don can ne rajistar FAA take, kuma su ne suke bincika ko akwai bashin banki a kan jirgi kafin su saki kuɗi. Amma mai saye ne yake nemo su ya tabbatar da su. Shafin da ɓarawo ya turo maka, nasa ne, ko da ya yi kama da na gaske kamar an tsaga kara. Na biyu ya ce banki zuwa banki, bayan an sa hannu a yarjejeniya. A nan ka duba abu biyu: lambar asusun IBAN ta fara da FR, kuma sunan asusun ya zama na ƙungiyar da ke cikin rajista, ba na wani mutum ba. In ana gab da biya sai ga saƙon imel cewa an sauya asusu, ka tsaya cak ka kira su a lambar da ka nemo da kanka, don akwai masu kutsawa cikin imel ɗin mutanen kirki su jira daidai wannan ranar. Ka kuma nemi takardar da ke nuna babu jingina a kan jirgin, don a Faransa ana rubuta jinginar jirgi a cikin rajistarsa.

Na farko ya yi alkawarin kawo maka jirgi Yamai cikin kwana goma, kyauta, da takardunsa. Wanda ya taɓa fito da ko da mota daga Kwatano ya bi ta duwan ya san yadda wannan maganar take. Ƙaramin jirgi daga Amurka, ko dai a cire fikafikansa a sa shi a kwantena, ko ƙwararren matuƙi ya tsallako da shi ta Kanada da Girinlan da Aislan yana yada zango. Kuma Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta hana jirgi zama da rajistar ƙasa biyu a lokaci guda, sai an soke ta can kafin a ba shi 5U a nan. Mai talla na biyu bai yi maka alkawarin komai ba, ya ce ɗauko jirgi ruwanka ne. Ba daɗin ji, amma haka masu sayarwa na gaske suke magana.

Yanzu a kan na biyun, tunda shi ya rage. Awa 350 suka saura wa injinsa kafin 2,000, kuma ba a faɗi shekarar da aka sabunta shi ba, don haka ka sa kuɗin inji a lissafinka tun yau, ka yi tayi da wannan a ranka. Injin mai ƙarfin doki 150 ne. A zafin watan Afrilu na Maraɗi, da rana ta haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, jirgin ba zai ɗauki manya huɗu da cikakken tanki ya tashi yadda takarda ta nuna ba, yaronka ya san wannan lissafin. Man da yake sha, abgas 100LL mai launin shuɗi, ba shi ne kananzirin manyan jirage ba, kuma yana wuyar samu a Afirka ta Yamma. Kafin ka sake rubuta wa Faransawan, ka aika a tambayo a filin jirgin Maraɗi da na Diori Hamani na Yamai ko ana samunsa da nawa lita, sannan a shiga ofishin ANAC, hukumar kula da harkar jiragen sama ta Nijar, a Yamai a ji sharuɗɗan shigo da jirgin mai zaman kansa, da wanda aka yarda ya riƙa yi masa gyara, da yadda za a amince da lasisin da yaron zai zo da shi daga Zariya.

Na farkon kuma, ka ɗauki hoton hirarku duka da sunan da ya ce a tura wa kuɗi, ka kai ƙarar tallan a Facebook, sannan ka toshe lambarsa. In ka ba shi hoton fasfo ɗinka a baya, ka gaya mini ta waya yau, don da irinsa suke buɗe sabon talla da sunan mutum.